Labarin Yaran Mafeking: A Ba Mu Shi Duka

Duk ɗan sikawut ya san sunan Baden-Powell, kuma an faɗa masa cewa abin ya samo asali ne daga wani ƙaramin gari a Afirka ta Kudu mai suna Mafeking. Ra'ayina shi ne, rabin labarin ake ba mu.

A watan Oktoba na 1899 Turawan Boer suka yi wa garin ƙawanya. Ba shiga ba fita har kwana 217, sai a watan Mayu na 1900 aka ceto shi. Baden-Powell ne shugaban sojan Ingila a ciki, kuma sojansa ba su da yawa. Don haka aka tara mazan gari, masu kanti da ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna, aka ba su bindiga suka zama 'yan sa-kai masu tsaron gari. Aka kuma tara yara maza aka sa musu kaki, su ne 'yan kadet. Aikinsu kai saƙo da wasiƙu, da taimako a asibiti, da leƙen lokacin da za a harbo igwa don a gargaɗi mutane. Da farko a kan jakuna suke yawo. Da yunwa ta yi tsanani aka yanka jakunan aka cinye, sai suka koma keke. Samanjansu, Warner Goodyear, shekararsa 13, sa'ana ke nan. Har kan sarki aka buga da hotonsa a kan keke. Daga baya Baden-Powell ya kafa sikawut, ya fitar da littafinsa a 1908, yana ba da misali da yaran nan.

Ni ma na yarda jarumai ne. Ba kowa ne zai tuƙa keke harsashi na faɗuwa ba. Wasunmu ko aiken kanti aka yi musu da magariba sai sun nemi rakiya.

Amma yaran kadet ɗin duk 'ya'yan Turawa ne, alhali mafi yawan mutanen garin baƙar fata ne, ƙabilar Barolong. Su suka fara zama a wurin, sunan ma nasu ne, Mafikeng, wato wurin duwatsu. Su ma an ba ɗaruruwansu bindiga sun yi gadi. Su ne ke sulalewa da dare su ratsa sansanin abokan gaba da wasiƙa, ko su koro shanu don gari ya ci. Ranar 12 ga Mayu, da Boer suka kutsa, ta unguwarsu suka shigo suka cinna wa bukkoki wuta, kuma da taimakon Barolong aka tare su. Da abinci ya yi ƙaranci, rabon baƙar fata aka fi ragewa. Baƙin da suka yi gudun hijira zuwa garin an matsa musu su fita, da yawa yunwa ta kashe su. Bayan yaƙi aka raba wa Turawa lambar yabo, har da 'yan kadet, Barolong kuwa ba a ba su ba.

Wani zai ce tsohon zance ne, me ya shafe mu? Ya shafe mu, tunda mu ne ke sa kayan sikawut muna fareti. Wani tafintan kotu a garin, Sol Plaatje, baƙar fata, ya riƙa rubuta abin da ya gani kullum, kuma an buga rubutun ya zama littafi. Shi ne daga baya ya zama sakatare na farko na ƙungiyar da ta koma ANC, jam'iyyar Mandela.

Ina roƙon malaminmu na sikawut da malamin tarihi, ranar da za a ba sababbin shiga labarin Goodyear da kekensa, a karanta musu ko shafi ɗaya na Plaatje. In babu littafin a laburare, kulob ɗinmu na 'yan jarida a shirye yake ya rubuta wa shugaban makaranta takardar neman a sayo.