FILIN 'YAN MATA: Baƙon Da Ba Ki Gayyata Ba

A wannan fitowar mun ɗan ajiye zancen samari da kwalliya a gefe, zan ja ku mu leƙa ƙasar Kura da Bunkure, don akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai.

Duk wadda ta taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya da rani ta ga ikon Allah. Ko'ina ya bushe ƙayau, amma kina kaiwa Karfi sai ki ga gonaki kore shar, ga alkama, ga tumatir, ga albasa, ga shinkafa. Ruwan nan daga madatsar Tiga yake, wadda gwamnatin Audu Bako ta gina aka gama a 1974, daidai lokacin da fari ya gallabi Arewa da ƙasar Nijar. Shi ne yake biyo kanal har ya iso Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam.

To, inda ruwa yake can baƙi suke nufa. Ga 'yan ci-rani daga Jigawa da Katsina da Nijar, ga tsofaffin mata masu kalar shinkafa bayan an yi yanka, ga almajirai, ga leburorin da ke lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, ga kuma bayin Allah da rashin zaman lafiya ya raba da garuruwansu. Yarinyar da ta tashi a wannan yanki da wuya ta yini ba ta yi kiciɓis da baƙuwar fuska mai buƙata ba. Abin tambaya, me take gani in ta kalle su? Ƙazanta da takura, ko kuwa saƙo daga Ubangijinta?

Bari in ba ku labarin wata ƙawata 'yar Bunkure. Tana tallar shinkafa da wake zuwa gonaki in ta taso daga makaranta. Wata ranar hunturu, gab da magariba, ta tarar da wata mata zaune a bakin kanal da goyo, jaririn yana ta tsala kuka. Hausarta ta mutanen Damagaram ce. Ashe mijinta ta biyo, ya zo ci-rani wata biyar babu saƙo, kuɗin motarta ya ƙare, tun jiya ba ta sa komai a cikinta ba. Mutane nawa suka wuce ta, kowa "Allah ya ba da haƙuri" kawai.

Ƙawata ta sauke roba ta kankare mata sauran abincin, sannan ta ruga gida ta ce, "Inna, don Allah ki zo ki ga wata baiwar Allah." Innar ta yafa mayafi suka taho da ita, ta kwana a ɗakinsu. Da safe Baba ya kai maganar gaban mai unguwa, aka yi cigiya, kwana biyu aka gano mijin yana kwance da zazzaɓi a wata bukka cikin gonar tumatir.

Na san abin da kuke jira. A littattafanmu na soyayya, da tuni matar nan ta zama ƙanwar wani hamshaƙin Alhaji, ya zo da mota ya auri ƙawata. To babu ko ɗaya! Addu'a kawai ta samu da kukan godiya. Amma ta ce mini, "Wallahi lokacin da na ga tana cin abincin nan hannunta na rawa, tsigar jikina ta tashi, na ji a raina Allah yana kallona. Ban taɓa yin sallar magariba da natsuwa irin ta ranar ba."

Wannan abin da ta ji yana da tushe a addini. A cikin wani hadisi ƙudusi da Imam Muslim ya rawaito daga Abu Huraira, an nuna cewa ranar ƙiyama Allah zai tuhumi bawa kan mara lafiyar da bai duba ba, da mai yunwar da bai ciyar ba, da mai ƙishirwar da bai shayar ba, kamar Shi Ubangijin aka yi wa rowar. Allah ya tsarkaka daga yunwa da ciwo, ma'anar ita ce yardarsa da ladansa suna nan wajen wannan mabuƙacin. Ku tuna kuma dalilin saukar farkon Suratu Abasa: makaho ne, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, ya zo ba zato ana tsakiyar magana da manyan Ƙuraishawa. Matafiyin da guzurinsa ya yanke kuwa yana cikin mutum takwas da aka ambata a Suratut Tauba cewa suna da rabo a zakka. Ba banza iyayenmu suke cewa baƙonka Annabinka ba.

Sai dai 'yan mata, a yi hattara, zamani ya lalace. Taimako daban, ganganci daban. Kada ki bi baƙo zuwa lungu ko cikin gona ke kaɗai, kada ki shiga motar wanda ba ki sani ba don ya marairaice. Yi yadda ƙawata ta yi: ba da abin da ke hannunki a bainar jama'a, sauran ki kira babba. Ko ba ki da sisi, kina da ruwan sha, kina da bakin nuna hanya, kuma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Ku dubi ruwan kanal ɗin nan. Manomin da ya ba gonarsa ya toshe ya hana na ƙasa da shi, duk gari zai tsine masa, don ba shi ya haƙa Tiga ba. Haka ɗan abin da ke hannunmu yake, biyowa ya yi ta wajenmu don ya isa ga wani. Kuma wadda take da gata yau, wa ya san garin da aure ko ƙaddara za su jefa ta gobe ta zama baƙuwa?

Allah ya sa mu gane baƙonmu tun kafin ya wuce. Ina jiran wasiƙunku kan wannan batu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum.