Kafin ɗan ci-rani ya turo kuɗin sabuwar hita

Da zarar sanyin hunturu ya kankama a watan Disamba, akwai saƙon da ya saba isa wayoyin 'yan ci-ranin jihar Maraɗi da ke Legas, Abijan ko Aljeriya: na'urar dumama ruwan gida, wadda a Kano ake kira hita, ta daina aiki, kuma tsohuwa ba ta iya wanka da ruwan sanyi. Sau da yawa ba a tsayawa bincike. Ɗa zai turo kuɗin sabuwa don gudun a ce ya gaza, a ciro tsohuwar a jefa bayan ɗaki.

Gaggawar nan tana cinye kuɗin mutane a banza. Hitar bango ba ta da wani sirri. Tanki ce mai ɗauke da ƙarfen da ke zafafa ruwa, da makunnin da ke yanke wuta idan ruwa ya yi zafi, da wata sanda da ake sa wa don tsatsa ta ci ta maimakon jikin tankin. Duk ukun ana kwance su a sa wasu. Wanda ya fi mutuwa shi ne ƙarfen, kuma a ƙasar nan dalilansa sanannu ne. Idan famfo ya ɗauke aka kunna hita babu ruwa a ciki, ƙarfen yana ƙonewa cikin mintuna. Idan ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri ne, farin dutse yana taruwa a jikinsa har ya rufe shi, sai ya yi ta cin wuta ruwa bai yi zafi ba. Ga kuma hawa da saukar ƙarfin lantarki. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke nufin tankin ya gama yawo, kuma sabuwar da za a sayo ita ma irin wannan ruwa da irin wannan wuta za ta tarar.

Inda gyara ya zama wauta shi ne idan jikin tankin ne ke yoyo, ko ruwan zafi na fitowa ja da tsatsa. Tankin da ya hude ya ruɓe daga ciki, walda ba ta tsare shi. Irin wannan hita kan yi shekara 8 zuwa 12, don haka wadda ta haura goma ta kuma fara ɗiga ba ta cancanci ko dala ba. Haka ma ƙaramar hitar da ake tsomawa a bokiti. Idan wayarta ta zare, a jefar da ita. Naɗe ta da leda ko salatif a kai ta bayi, inda mutum ke tsaye cikin ruwa ba takalmi, wasa da rai ne.

To idan ta tabbata sai an sake, da me za a sake? Nan ne ya kamata mai turo kuɗi ya daina kwaikwayon abin da ya gani a otal. Dumama lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 na cin sama da yunit 2 na wuta, kuma ƙarfe mai wat 1,500 sai ya yi kusan awa ɗaya da rabi a kunne. Wutar kuwa ba a hannun mai gida take ba. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da kamfanin Nigelec ke rabawa daga Najeriya yake zuwa. A watan Agusta na shekarar aka katse layin saboda takunkumi, sai a farkon 2024 aka maido. Masu hitar lantarki sun shiga hunturun shekarar suna jiran wutar da ake rabawa unguwa-unguwa.

Abin takaici, maganin ba baƙo ba ne a Nijar. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci cibiyar makamashin rana ta ONERSOL, inda aka riƙa ƙera na'urorin dumama ruwa da hasken rana shekaru da dama da suka wuce. A jihar Maraɗi aka haife shi, amma yau gidajen jikokin tsararsa hitar lantarki ta waje suke ratayawa. Hitar rana tana da tsada wajen saye, wannan gaskiya ne, kuma tana son tankin ruwa a sama da mai goge mata ƙura idan hazo ya sauka. Sai dai tankinta a lulluɓe yake, ruwan da ya yi zafi da la'asar yana kaiwa asuba da ɗuminsa, kuma babu takardar kuɗin wuta a ƙarshen wata.

A ƙauyuka irin Mai Yara da ke ƙasar Dakoro maganar ta fi haka nauyi, domin a karkara hitar yawancin gidaje tukunya ce a kan murhu. Kowane bokitin ruwan zafi kara ne ko icen da mace ko yarinya ta ɗauko a ka, a yankin da itatuwa ke ƙara nisa. Ɗan da ke son sauƙaƙa wa mahaifiyarsa a can, hitar lantarki ba za ta yi mata komai ba. Ko jarka baƙa da aka ajiye a rana tun hantsi tana ba da ruwan wankan yamma. Ruwan asuba ne ke buƙatar na'ura ta gaske, kuma irin wannan 'yan uwa biyu ko uku za su iya haɗa kuɗi su saya.

Wanda aka kira daga gida a wannan hunturu, ya nemi mai gyara ya yanke wuta, ya buɗe murfin ƙasa, ya turo masa hoton ƙarfen da na gindin tankin ta WhatsApp. Ya kuma tambaye shi ko an haɗa wa hitar wayar da ke kai wuta ƙasa, don a gidaje da yawa masu haɗawa na farko ba su sa ta ba.