Turai Ta Juya Agogo, Bilbis Ta Biya Kuɗin Fetur

A farkon watan Nuwamban bara na yi kwana uku a Bilbis, cikin ƙaramar hukumar Tsafe, wajen dangin mahaifiyata. Ran Talata da yamma na bi ta ƙofar wani gidan kallon ƙwallo, na ga an rubuta da alli a jikin allo cewa za a take wasan Gasar Zakarun Turai da ƙarfe 8 na dare. Ana idar da sallar Isha'i matasa suka yi dafifi, kowa ya biya kuɗin shiga ya nemi benci. Takwas ta buga, wasan da aka zo dominsa bai fara ba. Takwas da rabi ta yi, shiru. Janareta yana ta shan mai, 'yan kallo suna ta shan zafi, har wasu suka fara cewa a mayar musu da kuɗinsu.

Mai gidan, yaro ne da na girme wa nesa, ya matso kusa da ni ya ce, "Yaya, wallahi makonni biyu da suka wuce takwas aka take. Ko dai sun ɗage wasan ne?"

Na ce masa, "Ba su ɗage ba, ƙanena. Agogonsu suka juya."

Sai tara aka fara. Kafin a dawo daga hutun rabin lokaci rabin bencin ya zama wayam, domin a wannan yanki namu mai hankali ba ya bari sha ɗaya ta same shi a waje. Yaron ya ƙona man awa guda a banza, masu kallo sun biya kuɗin wasa sukutum sun ga rabi.

Tun daga wannan dare nake juya wasu ƙorafe-ƙorafe uku da na saba ɗauka a matsayin hirar shayi: canjin agogon Turawa, rashin ɗa'ar 'yan wasa, da manhajar da nake wallafa wannan rubutu da ita. Na lura saiwarsu ɗaya. A kowanne, wani ne a nesa yake yanke hukunci bisa buƙatarsa, mu kuma nan mu biya da lokacinmu ba tare da an shawarce mu ba. Ra'ayina shi ne abin ya wuce a yi masa tsaki a wuce, kuma mafi yawan maganinsa yana hannunmu.

Bari mu fara da agogon. A Landan, tsawon yini yakan haura awa 16 a watan Yuni, ya faɗo ƙasa da awa 8 a Disamba. Wani magini ɗan Ingila, William Willett, ya ga mutane suna barci rana ta fito tun da jimawa, sai a 1907 ya wallafa ƙasida yana kira da a tura agogo gaba a lokacin zafi. Bai ga cikar burinsa ba, ya rasu a 1915. Jamus ce ta fara aiwatarwa a ƙarshen Afrilun 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, don tsimin gawayin kwal, Birtaniya ta bi sahu a watan Mayu na wannan shekarar. A yau ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya suna tura agogo gaba da awa guda a Lahadin ƙarshe ta Maris, su mayar da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Amurka tana yin nata a Lahadi ta biyu ta Maris da Lahadin farko ta Nuwamba.

Mu ba mu da dalilin yin haka. Gusau tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta a wurinmu bai wuce kusan awa ɗaya da rabi ba. Tun 1919 Najeriya take kan awa guda gaba da GMT, ba ta motsa ba. Ko shi wannan agogon ba a kan ranarmu aka auna shi ba: an ɗora shi ne a kan layin digiri 15 gabas, Gusau kuwa ba ta kai digiri 7 ba. Shi ya sa idan agogo ya ce sha biyu a Zamfara, rana tana da sauran kimanin rabin awa kafin ta tsaya tsaka. Ladanai sun san wannan tun kafin a ba su lissafinsa, domin inuwa suke duba.

Ga yadda lissafin yake shafar mai kallo. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, agogonmu ɗaya da na Ingila, yayin da Faransa da Jamus da Sifaniya suke gabanmu da awa guda. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, Ingila ta koma bayanmu da awa guda, su Faransa kuma su zo daidai da mu. Saboda haka wasan Firimiya na ƙarfe 3 na ranar Asabar yakan koma ƙarfe 4 a wurinmu da hunturu, wasan Zakarun Turai na ƙarfe 8 na dare ya koma 9. Na farkon ma alheri ne, domin mutum ya yi La'asar a natse ya zauna, a tashi kafin Magariba. Na biyun shi ne matsalar. A Abuja, tashi daga kallo sha ɗaya na dare ba komai ba ne illa makara a ofis. A garuruwan da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau da ƙauyukan da ke bayanta, inda 'yan bindiga suka hana mutane sakewa shekara da shekaru, awa guda ta dare tana da nauyin da Willett bai taɓa tunani ba.

Abin dariyar shi ne masu abin ma sun gaji da shi. A 2018 Hukumar Tarayyar Turai ta nemi jin ra'ayin jama'a, mutum miliyan 4.6 suka amsa, kashi 84 cikin 100 suka ce a daina. Majalisar Turai ta amince a Maris 2019, amma gwamnatocin ƙasashen suka kasa daidaitawa kan wane agogo za a tsaya, magana ta kwanta. Majalisar Dattawan Amurka ta zartar da irin wannan ƙuduri a Maris 2022, ya mutu a Majalisar Wakilai. Wanda ya ce zai jira su gama shawara kafin ya gyara allon gidan kallonsa, jiran gawon shanu yake yi.

Sai 'yan wasa. Idan aka ambaci rashin ɗa'a a fili, kowa yakan tuno Zidane da ya yi wa Materazzi karo da ka a wasan ƙarshe na 2006, ko Luis Suarez da ya gartsa wa Chiellini cizo a 2014 har aka dakatar da shi wata 4. Mu ma muna da namu. Ranar 17 ga Yuni 2010, a Bloemfontein, Najeriya tana gaban Girka da ci ɗaya mai ban haushi, sai Sani Kaita, ɗan Kano, ya kai wa Torosidis ƙafa a bakin layi, ƙwallo ba ta ma cikin fili. Alƙalin wasa ya ɗaga jan kati tun kafin a je hutu, aka tashi Girka na da 2 muna da 1. Fushin daƙiƙa guda ya cinye shirin shekara huɗu. Abin da wasu 'yan ƙasa suka biyo shi da shi na zagi da barazana ya fi laifin nasa muni, wannan ma a faɗa.

Amma irin waɗannan sau ɗaya suke faruwa a shekaru. Rashin ɗa'ar da ke ci mini tuwo a ƙwarya ita ce ta kowane mako: ɗan wasan da iska ta taɓa shi ya faɗi yana birgima, mai tsaron ragar da ya rungume ƙwallo kamar jariri, wanda aka canza yana fita da tafiyar hawainiya, da waɗanda suke yi wa alƙali rumfa a ka. Cikin minti 90, lokacin da ƙwallo take yawo a fili a manyan gasannin Turai ba ya cika kai minti 60. Hukumomin ƙwallo sun san da haka. A Gasar Kofin Duniya ta 2022 a Ƙatar aka umurci alƙalai su riƙa ƙirga duk lokacin da aka ɓata, har wasan Ingila da Iran ya samu ƙarin fiye da minti 25, ko da yake wani ɓangarensa saboda raunin gaske ne da mai tsaron ragar Iran ya ji. A 2025 kuma aka kafa dokar cewa mai tsaron ragar da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8, a ba abokan hamayya bugun kusurwa.

Ƙarin lokacin adalci ne ga ƙungiyar da aka cuta. Amma wa yake biyansa? Ɗan wasan da yake birgima yana karɓar albashin da ya fi kasafin wata makaranta, kuma mota mai gadi ce za ta kai shi gida. Minti goman da ya ɓata, a Bilbis fetur ne, kuma tafiya ce cikin duhu. Bayan haka, je ka filin makarantar firamare da yamma ka ga yara 'yan shekara goma suna faɗuwa suna riƙe gwiwa, suna ɗaga wa alƙali hannu a ba abokinsu kati. Ba a littafi suka karanta ba. Da za mu riƙa yaba wa irin su Ahmed Musa, wanda ya ci Ajantina biyu a 2014 ya ci Iceland biyu a 2018 kuma ya dawo ya sa rigar Kano Pillars, kamar yadda muke yayata hoton mai cizo, da yaran sun samu wani madubin.

Na uku shi ne nawa na kaina. Manhajar da nake aika wannan wasiƙa da ita ta taɓa fitar mini da rubutu ƙarfe 8 na safe alhali 7 na tsara, saboda tun ranar da na buɗe shafin na bar shi a kan agogon wani birni na Turai, ina ganin ai ɗaya yake da namu. Ɗaya yake, na wata bakwai. Wannan laifina ne. Wanda ba nawa ba shi ne yadda take wulaƙanta haruffanmu. Wani salon rubutun idan ka zaɓa, ƙ da ɗ da ɓ su fito a karkace kamar baƙi a gidan biki, wani kuma su zama akwatuna. Mai neman kalma a shafin idan ya rubuta ta ba ƙugiya ba zai same ta ba. Ita kuwa ƙugiyar nan ita ce ta raba ƙasa da kasa, ta raba baƙi da baki, ta raba ƙafa da kafa. Tun shekarun 1930 ake buga waɗannan haruffa a Zariya, garin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, kuma suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990. Harshen da mutane miliyoyi da dama suke magana da shi bai cancanci ya riƙa roƙon gurbi ba.

Na san abin da wani mai karatu zai ce: mutumin da ya fito daga jihar da aka katse wa layukan waya baki ɗaya a Satumban 2021, aka rufe kasuwannin mako, shi ne zai zauna yana kukan agogon Landan da haruffa? Ina girmama wannan magana. Amsata ita ce babbar masifa ba ta yafe wa mutum ƙananan asara, ƙara musu tsada take yi. Inda ake zaman lafiya da wuta tsayayya, kuskuren awa guda abin dariya ne. Inda dare yake da haƙora, man fetur kuma ya yi tashin gwauron zabo tun bayan cire tallafi a 2023, kuskuren nan cin jari ne. Sannan babbar matsalar ba ta hannun mai gidan kallo, ƙaramar kuwa tana hannunsa.

Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri a 1957, ya daɗe da nuna hanya: a faɗi lokaci a agogon GMT, a bi shi da agogon Najeriya da Nijar, kuma ba a taɓa shi don Landan ta shiga sanyi. Mu 'yan jarida da masu shafukan wasanni wajibinmu ne mu yi haka, mu daina kwafo jadawali daga shafukan waje yadda muka gan shi. Masu gidajen kallo su rubuta ranaku biyu a bango, Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba. Ma'aikacin da yake taro ta intanet da abokan aiki a Turai ko Amurka ya nemi a rubuta lokacin da agogon Najeriya, musamman a makonnin Maris da Amurka ta riga ta canza Turai ba ta canza ba. Mai shafi ya saita manhajarsa a kan Legas, ya zaɓi salon rubutun da ya san ƙugiya, ya kuma rubuta wa masu manhajar ƙorafi da sunan harshensa, domin abin da ba a kai ƙara ba, ba ya shiga jerin gyara.

Akwai kuma ƙwallon da aka tsara a kan ranarmu. Wasannin gasar Najeriya galibi ƙarfe 4 na yamma ake take su, a tashi da sauran haske. Filin wasa na tunawa da Sardauna yana nan a Gusau, Zamfara United ta taɓa buga babbar gasar ƙasa a cikinsa. Ban ce kowa ya bar Arsenal ko Madrid ba, ni ma ban bari ba. Amma kuɗin da muke zubawa a wasan da ke ƙarewa sha ɗayan dare, ko kaɗan daga cikinsa ya koma ga na La'asar, da an ga bambanci.

Kafin in bar Bilbis na karɓi allin na rubuta wa yaron ranakun biyu a saman allonsa, na ja musu layi. Da Maris ta zo ya kira ni, ya ce, "Yaya, gobe ne za su sake juyawa ko?" Na ce gobe ne. Ya ce ya riga ya goge taran ya mayar da takwas.