Kuɗinmu Na Banki, Bashin Na Wasu



Maganar da muka faro a taron wata, wadda lokaci bai bari muka ƙarasa ba, ita ce muka kawo a wannan fitowa domin kowane gida ya karanta, a kuma karanta wa wanda bai iya ba. Maganar kafa ƙungiyar tsimi da ba da bashi ce ta kanmu, mai rajista da gwamnati, wadda maƙwabtanmu Yarabawa ke kira kofaretib.

Muna tambayar kowane ɗan kasuwa a nan Ibadan, mai goro ne, mai albasa ne a Bodija, ko mai shanu a Akinyele: shekara nawa ka yi kana zuba cinikinka a banki, kuma sau nawa bankin ya ba ka rance ka ƙara jari? Mun san amsar. Ranar da ka je neman bashi, abin da za a fara tambayarka shi ne takardar mallakar fili. Mu kuwa akasarinmu haya muke zaune, ko a gidan gado da ba shi da irin wannan takarda, alhali akwai gidajen da kakanninsu aka haifa a wannan gari. Sashe na 43 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin mallakar fili a ko'ina cikin ƙasar, amma wanda ya taɓa bin sawun takardar a nan da sunan Hausa ya san yawan takalmin da ake kashewa. Idan ba fili, sai a ce ka kawo babban ma'aikacin gwamnati ya tsaya maka. Ina mai tura baro zai samo shi? To kuɗin da muke zubawa ba kwance suke ba, ana ba da su rance, sai dai ga masu takarda. Mu ne masu tara ruwan, wasu ke wanka.

Ban da wannan akwai yankan ƙauna da ake yi mana kullum. Naira 50 ta gwamnati a kan kuɗin da aka tura in sun kai dubu 10, kuɗin saƙon waya, kuɗin kula da kati, kuɗin tura kuɗi, sannan tun watan Maris na 2025 naira 100 a kan kowace dubu 20 da ka cira a injin wani banki. Mutum zai ce ai ƙananan kuɗi ne. Ya zauna da biro ya tara na shekara guda tukuna. Mu da muka koyi karatu da girmanmu a ajin yaƙi da jahilci, saƙon cire kuɗi na daga cikin abin da ya gwada mana amfanin karatun. Ba mu kuma manta farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, yadda dattawa suka riƙa sammako ƙofar banki suna wuni a rana domin karɓar haƙƙinsu, wasu tumatirinsu ya ruɓe a kasuwa saboda babu mai tsabar saye.

Abin da muke kira a yi ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Tun 1935 aka yi dokar ƙungiyoyin gama kai a Nijeriya, kuma manoman koko na wannan yanki su ne kan gaba wajen cin moriyarta, har aka kafa musu banki nasu a nan Ibadan a 1953. Yau da wuya ka sami malamin makaranta ko 'yar kasuwa Bayarabiya da ba ta cikin wata ƙungiya. Da ita suke sayen fili, da ita suke biyan kuɗin makarantar yara. Muna zaune da su shekara da shekaru muna kallo. Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba mu 'yancin kafa ƙungiya don kare muradunmu, bai ce sai ɗan asalin jiha ba.

A ƙungiya irin wannan mai ajiya shi ne mai ƙungiya. Kowa ƙuri'arsa ɗaya, Alhaji mai tirela da mai sayar da shayi. Jinginar da ake nema ita ce ajiyarka da kuma 'yan'uwa biyu daga cikin ƙungiya da suka san ka, suka yarda su tsaya maka. Wato amanar nan da muke ba juna goro da shanu bashi a kanta tun zamanin iyayenmu, ita ce za ta zama takardarmu. A yi lissafi: gida 200 in kowanne ya zuba naira 5,000 a wata, miliyan ɗaya ke nan duk wata, miliyan 12 a shekara. Da muna da irin wannan asusu a watan Fabrairun 2021 da aka ƙona kasuwar Shasha, da 'yan'uwanmu da suka wayi gari ba jari ba su tsaya jiran tallafin da bai isa kowa ba.

Wasu sun ce adashi ya ishe mu. Adashi alheri ne, mata sun aurar da 'ya'ya da shi, amma ba ya jiran ranar buƙata. In rashin lafiya ta zo a watan Rajab kwasarka kuwa sai Zulhajji, sai haƙuri. Kuma in uwar adashi ta ɓace, wace takarda za ka kai kotu?

Wasu sun kawo maganar riba, kuma suna da gaskiya, domin yawancin ƙungiyoyin maƙwabtanmu da ruwa suke ba da bashi. Wannan ne ma dalilin da ya sa muke son tamu maimakon shiga tasu. Dokokin cikin gida mu za mu rubuta. Bashin lalura a mayar da shi yadda aka karɓa. Mai son babur ko injin niƙa, ƙungiya ta saya ta sayar masa da ribar da aka yi ittifaƙi a kanta, ya biya kaɗan-kaɗan. Za mu ajiye daftarin a gaban malamanmu kafin a sa hannu.

Magana mafi nauyi ita ce ta waɗanda suka ce ma'aji zai gudu da kuɗi. Ba za mu rufe ku ba. Ajiyar banki tana da inshorar hukumar NDIC, wadda daga 2024 ta kai naira miliyan 5 ga mai ajiya a manyan bankuna, ajiyar ƙungiya kuwa ba ta da wannan. Katangarta ita ce idonmu. Saboda haka muka ce kuɗin ba za su kwana a ɗakin kowa ba, asusu za a buɗe da sunan ƙungiya a bankin da ba ya harkar ruwa, ba a fitar da kwabo sai da sa hannun mutum uku, kowa da littafinsa na ajiya, a karanta lissafi da Hausa a bainar jama'a duk wata, jami'in gwamnati mai binciken ƙungiyoyi ya duba littattafai duk shekara. Mata su sami wakilai a kwamiti, tunda su ne suka fi mu iya tanadi. Mai aika kuɗi Kano ko Sakkwato ya bar asusunsa na banki don wannan aiki. Tanadinsa muke cewa ya dawo da shi gida.

Za a buɗe rajistar masu shiga ranar Lahadi bayan la'asar a ofishin ƙungiya. A zo da katin shaida da hoto biyu. Masu adawa da shawarar su ma su zo, za a ba su dama su yi magana kafin a kaɗa ƙuri'a.

Sakatare, a madadin kwamiti.