A Kula Da Waƙafin Sama A Allunan Shagunanmu

Edita,

A ba ni fili in ja hankalin masu shaguna da malaman makarantu a nan Oforikrom kan ɗan waƙafin nan na sama, wanda muke kira hamza a rubutun Hausa.

Duk wanda ya bi titin Accra ya nufi jami'ar KNUST zai ga alluna an rubuta "Egg's For Sale" ko "Ladie's Wear". A Turanci aikin wannan alama biyu ne: nuna mallaka, da nuna gurbin harafin da aka cire. Jam'i ba ya buƙatarta. Ƙwai da yawa "eggs" ne kawai. Kayan mata kuwa "ladies' wear" ne, alamar tana bayan harafin ƙarshe. Haka "it's" gajarta "it is" ne, "its" kuma mallaka.

Wani zai ce ai ciniki ake yi, ba jarrabawa ba. To, yaranmu da allunan nan suke wayar gari, kuma abin da ido ya saba gani shi hannu zai rubuta ranar jarrabawar BECE, inda masu duba takardu na hukumar WAEC ke rage maki kan aya da waƙafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ko a Ingila abin ya jawo ce-ce-ku-ce, musamman a 2009 da hukumar birnin Birmingham ta daina sa alamar a allunan tituna.

Shawarata ita ce, kafin mai fenti ya ɗauki buroshi, a nuna wa malamin Turanci rubutun. Malamai kuma su riƙa kawo irin waɗannan misalai cikin aji.



Mai karatunku,
Oforikrom, Kumasi