Dirakula a Littafi da Dirakula a Majigi

Tun da muka dawo daga hutu gardama ta ƙi ƙarewa a ɗakin kwananmu a kan wani fim na ban tsoro, don haka na ga gara in kawo ta nan kowa ya ji.

A zangon da ya wuce Malaminmu na Turanci ya ara mini littafin Dracula, wanda mu muke kira Dirakula. Wani mutumin ƙasar Ailan mai suna Bram Stoker ya wallafa shi a 1897. Labarin wani basarake ne na Taransilbaniya, cikin ƙasar Romaniya ta yanzu, wanda ya mutu amma bai kwanta ba, yana tashi da dare yana shan jinin mutane. Da na je gida Ajingi sai na tarar yayana yana da fim ɗin a wayarsa, wanda kamfanin Hammer na Ingila ya yi a 1958. Abokaina da suka gani sun ce an ɓata littafin. Ni kuwa a ganina an kyauta masa, kuma ga dalilina.

Littafin babi 27 ne, kuma babu mai ba da labari guda ɗaya. Wasiƙu ne da littattafan ajiyar sirri da guntayen jarida aka jera. Akwai wuraren da gashin jikina ya tashi, kamar inda Jonathan Harker ya leƙa ta taga ya hangi maigidan yana saukowa bango da kai ƙasa kamar ƙadangare. Amma in faɗi gaskiya, tsakiyar littafin ja gare ta. Mutane su taru su yi kuka, su yabi juna, su sake taruwa. Sau biyu barci ya ɗauke ni a kansa lokacin karatun dare.

Masu fim ba su ji tsoron sa almakashi ba. Sun cire tafiyar jirgin ruwa zuwa Ingila da akwatunan ƙasa 50, sun cire mahaukacin nan mai cin ƙudaje, ba su bar Dirakula ya rikiɗa ya zama jemage ba. Abin da ya rage bai kai awa ɗaya da rabi ba, kuma babu inda mutum zai ce bari in je in sha ruwa in dawo. Wannan ba sabon abu ba ne ko a wurinmu. Lokacin da Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, ai ba karanta wa 'yan kallo shafi bayan shafi ya yi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Christopher Lee ya fito a Dirakula. Da farko inuwa za ka gani a saman bene, dogo, shiru. Ka gama shirin tsorata sai ya sauko da sauri, ya gai da baƙonsa da ladabi, har ya ɗaukar masa jaka. Kai ka ce wani dattijon arziki ne. Can cikin dare sai ga shi ya faɗo ɗaki idanu jajur, jini a haƙora. Daga farkon fim ɗin nan bai ƙara furta kalma ba har ƙarshe, kuma shirun ya fi magana ban tsoro. Haka kuma wurin da jarumai suka kwana suna gadin gida daga waje, alhali kuwa akwatin gawarsa yana cikin ɗakin ƙasa na gidan. Ƙanena da ke leƙe ta bayana har cewa ya yi, “Ku duba ciki mana!”

Ƙarshen ma ya fi na littafi. A littafi da wuƙaƙe aka kashe shi, cikin 'yan layuka, kuma hasken rana ba ya kashe shi, har yawo yake yi da rana a Landan. Wani fim na Jamus mai suna Nosferatu, na 1922, shi ya fara kawo mutuwa da hasken rana. A namu, Likita Van Helsing ya bi ta kan dogon tebur a guje ya fizgo labule, rana ta shigo, Dirakula ya ruɓe ya zama toka. Gani ya kori ji.

To, iyaye za su ce me ya kai ɗan Musulmi kallon wannan? Suna da gaskiya ta wani wajen. Akwai jini, makamin jaruman kuma gicciye ne, domin labarin na Kiristocin Turai ne, kuma ban ga dalilin nuna wa ƙananan yara shi ba. Kakata dai da ta ji ana korarsa da tafarnuwa dariya ta yi, ta ce ashe Turawa ma suna da mayu.

Maganar tata ta tsaya mini a rai, domin akwai bambanci. Dirakula yana da shaida: huji biyu a wuya, dogayen fiƙoƙi, kwana a akwatin gawa. Kafin a taɓa shi sai da kowa ya gani da idonsa, da an kashe waya kuma tsoron ya ƙare. Mayen da ake faɗa a garuruwanmu ba shi da alama ko ɗaya. An ce kurwa yake kamawa, wa ya taɓa ganin kurwa? Saboda haka duk wanda aka nuna da yatsa shi ke nan ya zama.

Bara da damina, a wani ƙauye kusa da mu, yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, cikin sambatu ya ambaci sunan wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Nan da nan aka cika ƙofar gidanta, aka jawo ta, aka ce sai ta tsallake shi ta sakar masa kurwa. Tana kuka tana rantsuwa, yara suna jifa. Washegari kawun yaron ya sa shi a babur ya kawo shi asibiti a Gaya, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa masa kai. Cikin mako guda ya tashi. Na san wasu a cikin masu jifan nan, kuma ko ɗayansu bai taɓa kallon Dirakula ba.

Ba wanda ya je ya ba ta haƙuri, ba wanda ya ƙara sayen daddawarta. Da na koma gida wannan hutun na bi ta ƙofar gidan, na tarar an sa kwaɗo. Aka ce 'yarta ta zo ta tafi da ita Wudil.