Ajiye Danƙo, Ɗauki Hoto

Idan ka shiga Kasuwar Kifi ta Baga Road a Maiduguri, ƙamshin banda ne zai fara yi maka maraba. Mafi yawan kifin nan daga Tafkin Chadi ake kawo shi, ta garin Baga, mai nisan kusan kilomita 200. Amma ka taɓa tambayar kanka me kifin ya ci har ya girma? Da yawa daga cikinsa ƙwarin ruwa ya ci. Tsuntsaye kuma suna cin ƙwari da kifi. Ashe rayuwar ukun a haɗe take, kuma cinikin kasuwar ya dogara da ita.

Saboda haka ga ra'ayina. Idan ka je ƙauye a dogon hutun damina, ka ajiye danƙon harbin tsuntsu. Ka ari wayar yayanka, ka ɗauki hotunan tsuntsaye da ƙwari.

Dalilina na farko shi ne, abin da ba a adana ba yakan ɓace ba a sani ba. A farkon shekarun 1960, faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, sai ya ragu ƙwarai. Hotunan da aka ɗauka daga sama ne suka nuna wa duniya haka. Ungulu ma da tana cike da mahauta, amma a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Gauraka kuwa, yara da yawa sunansa kawai suka sani. Hoton da ka ɗauka yau zai zama shaida gobe, domin gani ya kori ji.

Dalili na biyu, hoto yana koyar da lura. Za ka ga shamuwa, wadda zuwanta ke nuna damina ta kusa. Za ka ga balbela tana bin shanu, tana kama farar da suka tayar. Za ka ga mazari a bakin rafi, wanda 'ya'yansa a cikin ruwa suke girma.

Wani zai ce wannan aikin masu ƙoshi ne, alhali mutane na neman abinci. Maganarsa tana da nauyi. Sai dai manomin da ya gane tsuntsayen jan-baki da wuri, shi ne zai ceci geronsa. Haka mai banda da ya san ƙwaron da ke cin kifinsa zai gyara ajiyarsa, ba zai zuba maganin da ke cutar da masu saye ba.

To, yaya za ka yi? Ka fita da sassafe, lokacin da haske yake da taushi. Ka bar rana a bayanka. Ka matsa a hankali, ba tare da hayaniya ba, domin mai haƙuri yakan dafa dutse. Kada ka taɓa sheƙa ko ƙwai. Ka rubuta rana da wuri a littafinka, sannan ka tambayi dattawa sunan abin da Hausa da Barbarci da harshenku. Kada ka yi nisa da gari, kuma ka tafi da babba wanda ya san wuraren da ke da tsaro. Idan a kasuwa kake, nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum ko kayansa.

Tsuntsun da ka harba, rana ɗaya za ka ci namansa. Wanda ka ɗauki hotonsa kuwa, zai tashi ya ci gaba da kama fara a gonarku, kai kuma ka dawo makaranta da abin nuna wa ajinku.